Daren Revere: Yadda Aka Tsaga Goshin Yaro Ɗan Shekara 17 a Dandamalin ECW

Duk wanda ya taɓa zama a gidan kallo ana nuna resilin ya san gardamar nan da ba ta ƙarewa, inda wani zai rantse cewa dukan gaske ake yi, wani kuma ya ce duk shiri ne, jinin ma jan kala ne aka shafa. Kowane ɓangare yana riƙe da rabin gaskiya. An riga an san wanda zai yi nasara tun kafin a buga ƙararrawa, kuma 'yan wasan sun tattauna yadda za su ɓullo wa juna, amma faɗuwar ta gaske ce, kujerar ƙarfen ta gaske ce, jinin da ke zuba kuwa a mafi yawan lokuta daga jikin mutum yake fitowa. Abin da ya hana wannan sana'a zama yanka shi ne amana. Ɗan wasa yana sauke hannuwansa da gangan, ya miƙa wuyansa da bayansa ga abokin karawarsa, bisa alkawarin cewa za a nuna wa jama'a an cuce shi ba tare da an cuce shi ɗin ba. Lamarin da zan bi daki-daki a nan, wanda ya faru ranar 23 ga Nuwamba, 1996, a garin Revere da ke jihar Massachusetts ta Amurka, shi ne misali mafi shahara na abin da ke biyo baya idan aka ci wannan amana a gaban 'yan kallo, kuma wanda aka ci wa ita yaro ne.

Kamfanin da ya shirya wasan shi ne Extreme Championship Wrestling, wanda aka fi sani da ECW. Tod Gordon ne ya kafa shi a birnin Philadelphia a 1992, Paul Heyman ya karɓi tsara wasanninsa a 1993, aka sauya masa suna zuwa wanda ya yi fice da shi a 1994, sannan Heyman ya mallake shi a 1995. Ƙaramin kamfani ne idan aka ajiye shi kusa da WWF da WCW, manyan kamfanonin resilin na Amurka a lokacin, waɗanda ke da kuɗi da manyan gidajen talabijin. Gidansa wani tsohon zaure ne a kudancin Philadelphia inda ake buga wasan bingo. Tunda ba shi da kuɗin gasa da manya, sai ya sayar da abin da manya ba sa iya nunawa: fasa tebura da jikin mutum, waya mai ƙaya a maimakon igiyar dandamali, duka da sanda da kujera, da kuma jini mai yawa. 'Yan kallonsa matasa ne masu zafin kai, waɗanda har sukan zo da kayan duka daga gida su miƙa wa 'yan wasa. A ƙarshen 1996 kamfanin yana dab da samun abin da ya daɗe yana nema, wato shirinsa na farko da za a biya kuɗi a kalla kai tsaye ta talabijin a faɗin ƙasa.

Kafin a fahimci abin da ya faru a Revere, wajibi ne a san yadda ake fitar da jini a wannan sana'a. Al'adar ta daɗe ƙwarai. Ɗan wasa yakan ɓalli ɗan guntun reza, ya naɗe shi da tef, ya ɓoye a ɗaurin wuyan hannunsa, sai idan an buga masa kujera ya faɗi ya kifa fuska, ya yi wa goshinsa 'yar tsaga da kansa. Goshi wuri ne mai saurin zubar da jini, kuma idan jinin ya gauraya da gumi sai ya rufe fuska gaba ɗaya alhali raunin ƙanƙani ne. Dalilin da ya sa mutum yake yi wa kansa a bayyane yake, domin shi kaɗai ke jin zurfin da ƙarfen ya kai. Idan sabon shiga ne wanda hannunsa ke rawa, akan bar wa tsohon hannu ya yi masa, kuma a nan nauyin ya yi kama da na wanzami da aka miƙa wa jariri. Ba a tambayar wanzami ko an ba shi izini, tunda iyayen da kansu suka kira shi. Abin da ake tambaya shi ne ko hannunsa ya tsaya inda sana'a ta ce ya tsaya.

Yaron sunansa Erich Kulas, ɗan garin Cranston ne a jihar Rhode Island, kuma shekarunsa 17. Mai jiki ne sosai, nauyinsa ya kai wajen kilo 160, abin da ya sa a ido za a ɗauke shi babba. Yana yin ƙananan wasanni da sunan Mass Transit, yana sanye da kayan direban bas. Ya je wurin tare da mahaifinsa da wasu 'yan kokawa wadanni da ya saba wasa da su, da fatan a ba su gurbi a cikin jerin wasannin daren. Sai aka yi dace, ko kuma a ce rashin dace, Axl Rotten, wanda aka tsara zai haɗa kai da D-Von Dudley su kara da tawagar The Gangstas, bai samu zuwa ba. Kulas ya miƙa kansa. Ya ƙara wa kansa shekaru, ya ce shi babba ne a idon doka, ya kuma ce ya yi karatun sana'ar a hannun Killer Kowalski, tsohon ɗan kokawar da ke da makarantar horarwa a Malden, nan kusa da Revere, wanda sunansa kaɗai ya isa shaida a yankin. Duka biyun ƙarya ne. Babu wanda ya nemi ganin katin shaidarsa, aka sa shi a wasan.

The Gangstas mutum biyu ne, Mustafa Saed da Jerome Young, wanda duniya ta sani da New Jack, kuma a lokacin su ke riƙe da kambun 'yan biyu-biyu na kamfanin. An haifi New Jack a 1963 a Greensboro, jihar North Carolina. Shi da Mustafa sun fara suna a kamfanin Smoky Mountain Wrestling na Jim Cornette, inda aikinsu shi ne su fito a matsayin baƙaƙen fata masu tsokanar fararen 'yan kallon kudancin Amurka har ransu ya ɓaci. Suka koma ECW a 1995, inda salonsu ya zama shigowa da kwandon shara cike da kayan duka, kiɗa yana tashi daga farkon wasa har ƙarshensa. New Jack mutum ne mai iya magana ƙwarai, kuma jama'a suna son sa saboda sun yi imani cewa abin da yake nunawa a dandamali ba ya rasa nasaba da halinsa na zahiri.

A bayan fage aka gaya wa Kulas cewa wasan yana buƙatar ya zubar da jini. Da yake bai taɓa yi ba, sai ya roƙi New Jack ya yi masa tsagar, shi kuma ya amsa. Wannan roƙo shi ne ginshiƙin duk abin da aka yi ta muhawara a kai daga baya. Waɗanda suke ɗakin sauya kaya a daren sun ce yaron ya shigo da rawar kai, yana gaya wa manya irin dukan da yake so a bar shi ya yi musu, abin da a al'adar 'yan kokawa ake ɗauka rashin kunya ne babba daga wanda ko sunansa ba a sani ba. Ina ganin babu dalilin ƙaryata wannan, domin haka yaro ɗan shekara 17 yake idan ya ga kansa a tsakiyar mutanen da ya saba gani a talabijin, ga tsoro ga zumuɗi, yana son ya nuna shi ma wani ne. Amma a nan ne wata tsohuwar al'ada ta sana'ar ta shigo, wadda ke cewa sabon shiga mai girman kai a dandamali ake koya masa hankali, inda ba shi da damar gudu kuma ba wanda zai gane an wuce wasa.

Wasan bai kasance gasa ba ko a ido. An tsare D-Von a wajen dandamali, aka bar Kulas shi kaɗai a ciki, ana dukansa da sandar guragu da na'urar gasa burodi da sauran tarkacen da aka zo da su. Daga nan New Jack ya riƙe kansa, ya ja askar tiyata a goshinsa. Askar tiyata ba guntun reza ba ce da aka naɗe da tef don kada ta nutse. An ƙera ta ne don ta ratsa nama ba tare da an danna ba. Tsagar ta yi zurfi har ta datse jijiyoyin jini biyu. A faifan bidiyon da aka ɗauka da ƙaramar kyamara, domin ba wasan talabijin ba ne, ana ganin jinin yana tsartuwa maimakon ya gangara, yana taruwa a kan shimfiɗar dandamali, yaron yana kwance. Ana jin New Jack ya sunkuya ya tambaye shi a hankali ko lafiya yake, kuma masu kare shi sun daɗe suna kafa hujja da wannan tambaya. Sai dai bayan tambayar an ci gaba da dukansa. Daga gefe ana jin muryar mahaifinsa yana ihu a buga ƙararrawa a tsayar da wasa, yana faɗin cewa ɗansa shekararsa 17. Ba a tsayar ba sai da aka kai wasan inda aka tsara zai ƙare.

Yayin da masu agajin gaggawa ke kansa, New Jack ya ɗauki makirufo ya gaya wa jama'a, da kalaman ashar, cewa bai damu ba ko yaron ya mutu, ya haɗa da cewa ba ya son fararen fata kuma ba ya son mutanen Boston, babban birnin da Revere ke gefensa. Ana iya cewa wannan maganar New Jack ce ta wasa, ba ta Jerome Young ba, kuma lallai irin ta yake yi kullum don tunzura 'yan kallo. Amma matsalar ita ce a wannan lokacin babu sauran wasa, akwai yaro kwance cikin jininsa yana suma yana farfaɗowa. Shi kansa Kulas, da aka ɗora shi a gadon ɗaukar marasa lafiya ana fita da shi, ya ɗaga wa 'yan kallo yatsa na zagi, yana ƙoƙarin ci gaba da taka rawar mugun da aka ba shi. Wannan hoton shi ya fi tsaya mini a rai a duk lamarin, domin yana nuna cewa har a wannan hali yaron bai gane an fita daga wasa ba, ko kuma ya gane amma yana tsoron kada a ce bai iya ba. A asibiti sai da aka yi masa ɗinki 50.

Labarin bai tsaya a zauren ba. Kaset ɗin ya fara yawo hannu da hannu, jaridun da ke bin harkar kokawa suka ɗauka, kuma a jajibirin Kirsimeti na 1996 kamfanin Request TV, wanda zai watsa shirin ECW na farko na biya-ka-kalla, ya soke yarjejeniyar. Heyman ya yi ta rarrashi, masoya kamfanin suka yi ta aika wasiƙu da kiran waya, har aka mayar da shirin bisa sharuɗɗa, ciki har da nuna tsarin wasannin tun kafin ranar da kuma rage zubar da jini. An gudanar da shi ranar 13 ga Afrilu, 1997, da sunan Barely Legal, inda Terry Funk ya ci kambun kamfanin. Iyalan Kulas kuwa sun bayyana a shirin talabijin na Inside Edition suna ba da nasu labarin. Abin lura shi ne asarar da ECW ta yi ta 'yan watanni ce kawai, kuma New Jack bai rasa aikinsa ba. A cikin 1997 ɗin ya sake riƙe kambun 'yan biyu-biyu, kuma ya ci gaba da yi wa kamfanin wasa har zuwa rugujewarsa a 2001.

An gurfanar da New Jack bisa tuhumar cin zarafi da makami mai haɗari, aka yi shari'ar a 1999, masu taya alƙali yanke hukunci suka wanke shi. Ƙarar neman diyya da iyalan suka shigar ma ba ta yi nasara ba. Abin da ya rusa ƙarar a fili yake. Yaron ya yi ƙarya game da shekarunsa, ya yi ƙarya game da horonsa, kuma shaidu daga cikin 'yan wasan sun tabbatar da cewa shi ya nemi a yi masa tsagar. Da zarar an tabbatar da ƙarya biyu a bakin mai ƙara, sauran maganarsa ta yi rauni, kuma da zarar an tabbatar da cewa ya yarda a yanke shi, sai tambayar ta koma ta zurfi da niyya, wadda ke da wuyar tabbatarwa a kan mutumin da zai iya cewa hannunsa ne ya zarce. Su kuwa shaidun, abokan cin abincin wanda ake tuhuma ne, kamfani ɗaya ke biyansu, kuma hukunci a kansa hukunci ne a kan yadda dukkansu suke neman na tuwo.

Ban ɗauki wankewar kotu a matsayin ƙarshen magana ba, kuma dalilina na farko New Jack ne da kansa. A hirarrakin da ya yi daga baya, har da wadda aka yi da shi a shirin Dark Side of the Ring a 2020, bai nuna nadama ba, kuma ya fito fili ya danganta abin da ya yi da rainin da ya ce yaron ya yi masa. Idan raini ne ya ja hannun, to ba kuskure ba ne, horo ne. Dalili na biyu shi ne ma'anar yarda. Wanda ya ce a yi masa tsagar resilin ya yarda ne da abin da sana'ar ta sani da wannan suna, 'yar tsaga wadda za a rufe da filasta a wuce gida. Bai yarda a datse masa jijiya ba, kamar yadda wanda ya kwanta wa mai ƙaho bai ba shi izinin ya huda masa ƙashin baya ba. Yarda tana da iyaka, kuma wanda ya fi sanin iyakar shi ne wanda ya shekara yana wannan aiki, ba yaron da ya ce da bakinsa bai taɓa yi ba. Wannan furucin na rashin sani, wanda aka yi amfani da shi aka kare New Jack, shi ne ya kamata ya faɗakar da kowa a ɗakin cewa labarin makarantar Kowalski akwai lauje cikin naɗi.

Akwai masu cewa ai a dambe ma ana fasa wa mutum baki, ba a kai kowa kotu. Kwatancin bai zauna ba. A dambe da kokawarmu ta gargajiya faɗan na gaske ne, saboda haka kowa yana kare kansa da iyakar ƙarfinsa, kuma da zarar gwiwa ko hannu ya taɓa ƙasa an gama, masu rabo sun shiga. A resilin wanda ake duka ya ajiye kariyarsa ne da gangan, kuma alƙalin wasan da ke tsaye a kansu ɗan wasa ne shi ma, aikinsa ya kai labarin inda aka tsara. Kukan zafi wani ɓangare ne na aikin, suma wani ɓangare ne na aikin, har uba mai ihu a gefen dandamali abu ne da 'yan kallon ECW za su iya ɗauka an shirya. Wannan shi ya sa cin amana a nan ya fi muni fiye da a faɗan gaske, domin duk alamomin da mutum zai yi amfani da su ya nemi ceto an riga an mayar da su kayan wasa.

Laifin kuma bai tsaya a kan mai riƙe da aska ba. Kamfanin da sana'arsa ita ce jini da ƙarfe ya ɗauki baƙon da bai sani ba, a rana ɗaya, bisa maganar bakinsa, ya haɗa shi da mutum biyu mafi tsanani a cikin ma'aikatansa, ya kuma ce sai ya zubar da jini. Duba katin shaida ba ya cin minti ɗaya, kuma kiran waya zuwa Malden da ya warware zancen horo. Mahaifin ma yana da nasa kason, tunda shi ya kawo ɗan, yana nan aka yi ƙaryar, kuma bai ambaci shekarun ba sai da jini ya fara tsartuwa. Na faɗi haka ba don in sauke nauyi daga kan kowa ba, sai don a ga cewa a tsakanin ƙofar zauren da dandamali manya da yawa sun tsaya, kuma ɗaya daga cikinsu kaɗai ya isa ya hana abin. Ƙaryar yaro ba ta zama lasisi ga babba ba, musamman ƙaryar da kowane mai shago da ke sayar da giya a Amurka doka ta ɗora masa ya bincika.

Dalilin da ya sa babu mai binciken yana da tarihi. A 1989 WWF ta shaida wa majalisar dattawan jihar New Jersey cewa resilin nishaɗi ne da aka tsara, ba gasar wasanni ba, domin ta kuɓuta daga kulawar hukumar wasanni da harajinta da likitocinta. Jihohi da dama sun bi wannan hanya suka janye hannunsu. Ga babban kamfani mai likitoci da lauyoyi wannan sauƙin kuɗi ne kawai, amma ga ƙananan kamfanoni masu zaman kansu yana nufin mai shirya wasa shi ne hukuma, shi ne likita, shi ne alƙali. 'Yan wasan ba ma'aikata ba ne a idon doka, 'yan kwangila ne, ba su da ƙungiyar ƙwadago, galibinsu ba su da inshorar lafiya, kuma wanda ya yi ƙorafi ba za a sake kiransa ba. Ita New Jersey ɗin, bayan ta cire resilin daga kulawa a 1997, sai da ta dawo a 2000 ta yi doka ta musamman a kan irin wannan kokawa ta makamai.

Abin da ya biyo baya a rayuwar New Jack shi ya nuna farashin barin lamarin Revere ya wuce haka nan. A Maris 2000, a garin Danbury na jihar Connecticut, shi da abokin karawarsa Vic Grimes suka faɗo daga wani tsayi, Grimes ya sauka a kansa, New Jack ya samu rauni a ƙwaƙwalwa ya kuma rasa ganin idonsa na dama. A Fabrairu 2002, a wasan kamfanin XPW a California, ya ɗana wa Grimes na'urar da ke jan mutum da lantarki, ya wurgo shi daga kan gadar ƙarfe mai tsayin kusan mita 12. Grimes ya kauce wa mafi yawan teburan da aka jera don su tare shi, igiyar dandamali ce ta rage masa faɗuwar, kuma New Jack ya yi ta faɗa daga baya cewa da niyya ya yi. A Afrilu 2003, a jihar Tennessee, ya lakaɗa wa Gypsy Joe, tsoho ɗan shekara 69, duka da sarƙa da kulki mai waya mai ƙaya, saboda yana ganin tsohon ya ƙi nuna cewa dukan yana shigarsa. A Oktoba 2004, a Florida, ya daɓa wa abokin karawarsa mai laƙabin Hunter Red wuƙa aƙalla sau 9 a tsakiyar wasa. An kama shi, amma tuhumar ba ta kai ga hukunci ba bayan wanda aka daɓa wa ya janye. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan akwai mai shirya wasa da ya san tarihin mutumin sarai, ya biya shi kuɗi ya zo, domin tarihin shi ke sayar da tikiti.

Ba za a ce kotu ba ta taɓa ganin abin ta wata fuska ba. A 2014 wata kotu a lardin Ontario na Kanada ta ba ɗan kokawa Devon Nicholson diyyar dalar Kanada miliyan 2.3 a kan tsohon ɗan kokawa Abdullah the Butcher, bisa ƙarar cewa ya tsaga shi ba da izininsa ba a wani wasa a 2007, da rezar da ya riga ya yanka kansa da ita, har ya sa masa ciwon hanta nau'in C. Bambancin da ke tsakanin wannan da na Kulas shi ne Nicholson bai ce a yanka shi ba. Sai ga shi a Disamba 2021, a Irving ta jihar Texas, shi Nicholson ɗin ya caccaki kan wani alƙalin wasa da tsinken ƙarfe har aka kwantar da mutumin a asibiti, kuma nan ma muhawarar ta koma kan cewa ai alƙalin ya yarda zai zubar da jini. Shekara 25 bayan Revere, hujjar ba ta sauya ba. WWE dai, wato sabon sunan WWF, ta hana tsagar goshi a 2008 lokacin da ta mayar da shirye-shiryenta na kallon iyali, amma wannan doka ta cikin gida ce, ba ta kai zaurukan da ake tara mutum ɗari biyu a daren Asabar ba.

ECW ta durƙushe a 2001 da bashi a kanta, har da na albashin 'yan wasanta, WWE ta saye abin da ya rage a 2003. New Jack ya rasu ranar 14 ga Mayu, 2021, sakamakon bugun zuciya, yana da shekara 58, kuma manyan kamfanonin sana'ar sun yi ta'aziyyarsa. Erich Kulas ya riga shi da shekara 19. Ya rasu ranar 12 ga Mayu, 2002, yana da shekara 22, sakamakon matsalar da ta biyo bayan tiyatar rage tumbi da aka yi masa saboda ƙiba, wadda ba ta da alaƙa da raunin goshinsa. Ya yi shekara biyar da rabi a duniya bayan wannan dare, kuma a cikinsu ya ga kaset ɗin yana yawo ana sayarwa, ya ga an wanke wanda ya yanka shi, ya ga ƙarar diyyarsa ta faɗi, yayin da masoya kamfanin da dama suka ɗauke shi maƙaryacin da ya kusa hana su shirinsu na farko.